Ƙishirwar Inji

Ƙarfe biyar na asuba a Dakota ta Arewa,
sanyi ya riƙe ƙofar gareji, sai da na sa kafaɗa.
Corwin Aasen na tsaye, gemunsa ya yi ƙanƙara,
a-kori-kurarsa ɗaure a bayan motar ja,
shiru, kamar sa da bai ga ciyawa ba kwana bakwai.

"Marlys," ya ce, "ba abin da na hana ta.
Na sauya turbo, na faɗaɗa nozul,
salansa kuwa, hannuna na shiga har gwiwa.
Amma in na ɗauro tirelar shanu muka kama hawa,
sai ta yi tari, ta shaƙe,
na take totur, ita kuwa ta tsaya tsai."

Na ce: ka gina mata cikin ƙato,
ka bar ta da maƙogwaron jariri.
Injin da aka ƙara wa ƙarfi,
ƙishirwa aka ƙara masa, kawai.

Ya yi murmushin wanda ya riga ka gaba.
"Ai na sa sabon famfo ranar Lahadi, ni da kaina,
kuɗinsa ya ci maraƙi guda.
Ki duba shi can jikin ƙarfen ƙasa, yana sheƙi."
Na duba. Famfo ne na gaske,
ba abin da za a ce da shi sai madalla dai.

Na ɗaura ma'auni, na murɗa makulli.
Famfo ya yi gurnani, allura ta miƙe ta tsaya.
Na ce ya taka.
Ta sunkuya, ta sunkuya,
kamar tsohuwa mai neman zobenta a ƙasa.
Fiyus lafiya, waya lafiya, batir a cike.
Matata sabuwa, ba ruwa, ba laka,
dizal bai daskare ba, na shinshina, na taɓa.
Laifin ya ɓuya, amma akwai.

Babana Orrin, da ya bar mini sifanunsa da ciwon bayansa,
yakan ce, "Kada ki tambayi mai mota, tambayi mai."
Na yanko tiyon da ake ganin cikinsa,
na haɗa tsakani, na haska tocila.
Ga su nan:
kumfa ƙanana, farare, a jere,
suna wucewa ɗai-ɗai.

Iska.
Motar na haɗiyar iska tana zaton abinci ne.

Na kwanta rigingine, siminti na cizon ƙashina,
na bi hanyar da yatsa har wuyan tanki.
Can na iske tsohon siririn tiyo na kamfani,
wanda bai ga dalilin sauyawa ba,
ya tsage daidai bakin maɗauri,
tsagar da ba ta kai farce ba.
Sabon famfo na zuƙa da dukkan ƙarfinsa,
ita kuwa tana buɗe baki sosai.

Na cire, na sa mai faɗi, na matse.
Na cika matata da hannuna kafin in ɗaura,
don da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Sau uku na kunna makulli ban tayar ba,
ina sauraren iska na fita tana fushi.
A na huɗu garejin ya girgiza,
allura ta miƙe, ta ƙi sunkuyawa.
Rai.

Muka hau tudun da ya kunyata shi.
Rana na fitowa kan gonakin alkama da dusar ƙanƙara ta rufe,
bai ce uffan ba har muka sauka.
Sannan ya tambayi kuɗi.
Na ce: tiyo dala tara,
sauran na kwanciya a simintin nan ne.
Ya ƙirga, ya miƙo, ya karɓi tsohon guntun,
yana juya shi a haske, yana neman tsagar.
Har na koma ciki na ɗora kofi,
yana tsaye bai gan ta ba sarai.