Ɗaya da Rabi

Ni ne mai riƙe makullin sito
a makarantar da ke bakin hanyar Yelwa.
Shekara goma sha tara ina kakkaɓe yanar gizo
daga kayan da ban san wa ya aiko ba.

Littafin da ya zo da su ya raba gado:
zobba biyu masu igiya na maza ne,
dokin katako marar kai shi ma nasu,
dogon katako siriri, faɗin tafin hannu,
wannan na mata ne, in ji shafi na tara.
Ban yi musu ba. Ni aikina makulli.

Ran Laraba da la'asar sakaliya
Luba ta shigo da ƙanenta Zayyanu,
'ya'yan Sarkawa, ƙafarsu da laka.
Gardama suka ɗauko tun daga gida,
irin wadda ake farawa a bakin akushi:
ya ce wasanta tafiya ce kawai,
ta ce nasa lilo ne na yara.
Malam Ɗantani ya gaji da raba su,
ya ce, "To, ku yi musaya mu gani."

Zayyanu, mai tsayuwa a gefen kwalekwale,
ruwa na hauka, shi yana jefa birgi,
ya hau katakon yana murmushi.
Taku ɗaya, taku huɗu, taku bakwai,
ya juya kamar zalɓe a kan dutse.
Muka ce magana ta ƙare.
Sai Luba ta ce, "Saura tsalle.
Ka tashi, ka ware ƙafa, ka dawo."
Ya tashi kuwa.
Amma jirgi kan biyo ƙafar mai shi,
katako ba ya zuwa taryen kowa.
Ya sauko ƙafa nan, ƙafa can,
ya saki wata ƙara siririya
har akuyar maigadi ta bar kiwo.

Luba ba ta yi dariya ba.
To, ta yi kaɗan.
Ta tamke ɗankwali, ta murza alli
a hannun da ya saba da filafili,
hannun da ke jan koma tun tana 'yar bakwai.
Ta kama zobba, ta ja, ta haye,
ta tsaya kyam a sama, igiya shiru.
Sai ta fara buɗe hannuwa sannu sannu
kamar rigar da aka shanya a kara.
Igiya ta ɗauki rawa, wuya ya yi jijiya,
Malam ya ce, "Ɗaya..."
Kafin ya kai biyu kafaɗa ta ƙi,
ta faɗo tim a tsohuwar katifa.

"Littafi biyu yake so," in ji Malam.
Na ce, "Ɗaya da rabi na ƙirga."
Ba a tambaye ni ba, amma na faɗa,
don samarin da na ga sun kai ɗaya
a shekarun nan ba su cika hannu ba.

Malam ya zauna a bayan doki
yana lissafin ƙashi da tsoka:
kafaɗar namiji, ƙugun mace,
kowa da irin ƙirar da aka yi masa.
Ban ƙaryata shi ba, ya fi ni karatu.
Abin da na sani dai, yarinyar nan
yau ta fara taɓa zobe,
yaron kuma bai san ana faɗuwa
a wurin da babu ruwan tara ba.
A ba su damina biyar tukuna,
sannan a zo a tambaye ni.
Ko a lokacin ma, wa zai yi alƙalanci?
Littafin ba shi da shafin wannan.

Na kulle sito, na tafi magariba.
Katakon bai tambayi sunan kowa ba,
zobban ma haka. Nauyi suka sani.

Da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa,
na tarar da su a bakin ƙofa:
shi yana tafiya kamar agwagwa,
ita ba ta iya ɗaga buta,
suna ta musun wa ya fi jin jiki.
Suka gan ni, suka haɗa baki:
"Baba, makulli."