Motar da Ba Ta Tari

Shekara ashirin da shida ina jan mota,
kunnena ne makanikena.
In fulogi ya jiƙe na sani,
in bel ya saki, tun daga Bolari na ji.
Sai Alhaji Gidado ya sayo wannan,
baƙa wuluk, tana sheƙi kamar ƙwaro bayan ruwa,
ba ta tari, ba ta atishawa,
ba salansa balle in saurara.
Na tada ta, na ce ba ta tashi ba.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Manu, ta tashi. Kai ne ba ka tashi ba."

Kujerarta na yi wa mutum tausa,
allon gabanta ya fi talabijin ɗin gidana.
A Tumfure yara kan bi mu a guje,
awaki kuwa ba sa jin tahowarmu,
sai in yi ta hon kamar mai tallan burodi.

Abincinta wuta.
To, wuta a unguwarmu baƙuwa ce mai kunya,
ta leƙo da la'asar, ta koma kafin lisha.
Ruwa na can Dadin Kowa yana juya inji,
mu muna nan muna jiran rabo.
Alhaji ya sa aka ɗaura mata janareta,
yana zuƙar dizal, yana ruri, yana turnuƙe gida,
don wadda ba ta hayaƙi ta ƙoshi.
Maigadi ya toshe hanci, ya ce:
an yi gudun gara, an faɗa wa zago.

Ran Laraba labari ya iso mu,
wani gidan mai a hanyar Bauchi ya kafa wurin caji,
farar rumfa, faifan sola a samanta.
Muka isa da saura kashi tara.
Yaron wurin, Bakoji, ya jawo waya
mai kaurin damtsena,
ya kai bakinta, ta ƙi.
Ya juya, ya hure ƙura, ya yi bisimilla, ta ƙi.
"Baba, kan nan na Turawa ne,
taku 'yar Sin ce, ramukan ba su dace ba.
Sai an aiko da mahaɗi daga Legas."
Ga rijiya, ga guga,
igiya ce ba ta kai ba.

Muka juyo.
Na kashe sanyi, na kashe rediyo,
Alhaji na gumi cikin shadda, bai ce uffan ba.
Kashi biyar a shataletale.
Kashi uku, mai amalanke ya wuce mu.
Da kashi ɗaya na taɓa ƙofar gida,
gwiwoyina na kaɗawa kamar na taho da ƙafa.

A daren nan, muna barci,
maƙeranta daga ƙetaren teku
suka aiko mata sabon karatu ta iska.
Da safe na tarar an sauya wa maɓallai mazauni,
ta iya shiga lungu da kanta,
ta ma koyi cewa barka da zuwa.
Na zagaya na buɗe murfin baya:
bakin nan nata yana nan yadda yake.
An ƙara mata wayo, ba a ƙara mata tuwo ba.

Ni dai tambaya ɗaya ke cin raina.
Alhaji ya biya, takarda na aljihunsa,
amma wa ke shiga garejinsa tsakar dare
babu sallama?

Yau kwana goma sha ɗaya muna jiran Legas.
Na wanke ta, na lulluɓe ta,
na jawo tsohon babur ɗina zan tafi Pantami.
Na taka sau ɗaya, shiru.
Na taka na biyu, ya yi tari.
Na ce: sannu, na ji ka,
gobe zan duba maka fulogin.