Lissafin Dindir

A bayan littafin bashi na shagona
na buɗe shafi, na rubuta Dindir.
Ƙarƙashinsa: man mota, jarka shida.
Ruwan sha, huɗu. Gidan sauro, uku.
Takardar izinin shiga gandun daji,
ban san kuɗinta ba tukuna,
na bar mata gurbi.

Shekara hamsin da bakwai ina Mai Wurno,
kogi a ƙofar gida, daji can bayan kogi,
amma zaki ban taɓa ganinsa ba
sai a jikin kwalin ashana.

Siddiƙu direba ya kurɓi shayi ya ce:
"Kada ka kuskura da damina, Alhaji.
Baƙar lakar nan haɗiye mota take yi har fitila.
Bari sai rani ya matse fadamu,
ruwa ya koma 'yan tafkuna.
A lokacin ba kai za ka nemi dabba ba,
ƙishirwa ce za ta kawo maka ita."

Hajo ta ji mu daga madafa.
"Rufin ɗaki na yoyo,
kai kana tara wa ɓauna kuɗin kallo!"
Ban tanka ba.
Da la'asar na tarar ta shanya nama a igiya,
ta ce wai na miya ne.

Jikata Tasalla ta yi nata jerin da jan biro:
jimina, gwanki, gwaggon biri, mugun dawa,
raƙumin dawa.
Siddiƙu ya ce wannan na ƙarshen
an daɗe ba a ga sawunsa ba.
Ta kalle shi, ta ƙi sokewa.

Babana ya ratso ƙasar nan da ƙafa,
Makka a ransa, gora a kafaɗa.
Ya kwana kan tsamiya,
abin yana gurnani a gindinta har asuba.
Bai taɓa kiran sunansa ba har ya rasu,
"manyan dawa" kawai yake cewa.
Yau ɗansa ke lissafin kuɗi
don a kai shi inda uban ya gudo.

Na haɗa, na sake haɗawa.
Bai kai ba.
Saura bashin Jatau mai kwalekwale,
saura ridin da ban sayar ba.

Jiya da dare na buɗe littafin,
na ga an taɓa mini shafi.
Wajen gidan sauro an kashe uku,
an rubuta huɗu, a karkace,
da ɗan tabon mai a gefe,
yana ƙamshin albasa.