Ƙanƙarar Da Ke Cin Wuta

Shekara talatin da huɗu Tsuneo Kazama yana kamun ƙaguwa
a tekun da ke gaban Joetsu.
Akwai wani wuri da na'urar auna zurfi
ke zana masa ginshiƙi a allo,
dogo, siriri, ba ya watsewa irin na garken kifi.
Yakan ce, "Nan ƙasa ke numfashi,"
ya saki tarkonsa.
Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba.

Ni ce 'yarsa, Mihoko.
Bana jirgin bincike ya tsayar da ni a kan wurin,
muka zura injin nutso, mita ɗari tara,
inda rana ba ta taɓa leƙawa ba.

Ga laka. Ga tsaga kamar faso a dunduniya.
Iskar gas na fitowa ƙwaya-ƙwaya,
numfashin abin da ya ruɓe tun ba a ƙirga shekaru.
Sanyi na jiran ta a bakin ƙofa,
nauyin ruwa ya danne ta,
kafin ta yi taku ɗaya
an ɗinka mata farar riga.
Da rigar take hawa, tana sheƙi,
har ta iso ruwa mai ɗumi,
rigar ta yage, teku ta shanye ta.

Wadda ba ta samu fita ba
sai ruwa ya gina mata keji a cikin laka,
ɗaki-ɗaki, fursuna guda a kowane ɗaki.
Kejin ya yi kauri ya toshe tsagar:
abin da baki ya haifa, shi ya rufe bakin.
Amma ta ƙasa ba ta san haƙuri ba.
Ta taru, ta kumbura laka ta zama tudu,
wata rana ta ɓalle ta gefe,
ko ta cisge dunƙule ya taso, ya bar rami.

Kewaye da tsagar, ƙananan halittu sun shimfiɗa farar tabarma,
suna kalaci da abin da ya tsere.
A kan tabarmar kuwa, Baba,
jajayen ƙaguwarka ne, cunkus.

Da muka jawo bututun laka kan jirgi
ƙanƙarar na tsuwwa kamar an jefa danshi a tafasasshen mai.
Shinpei ya ƙyasta ashana.
Wuta ta tsaya a kan farin dunƙule,
ruwa na ɗiga ta ƙasa.
Ban yi tafi da su ba.
Ƙaramar kwalba na tara.

Yanzu Baba ba ya fita teku.
Yana zaune bakin taga, bargo a gwiwa,
kalmomi sun yi masa nauyi tun da Inna ta rasu.
Na ba shi labari, ya yi shiru.
Na miƙa kwalbar.
Ya tsoma yatsa, ya kai harshe,
ya daɗe yana juya shi a baki.

"Daga can ƙasa?"
Na ce daga can.
"To ina gishirin?"
Na ce kejin ba ya karɓar gishiri, a waje yake barin sa.

Ya dubi teku.
Sai ya fara ba ni labarin daren da ya fara ganin ginshiƙin,
bai tsaya ba har shayi ya huce.