Ƙofa Babu Ganuwa

Shekara ashirin da biyu ina faci
a gindin darbejiyar nan,
jifa ɗaya daga Ƙofar Ƙwaya.
Motocin Katsina ta tafin ƙafa na san su:
wadda ta taka ƙusa a Rafindadi,
da wadda mai ita har iska yake sha bashi.

Wata Talata aka zo da ƙarfe guda,
dogo kamar gora, fenti ja da fari,
aka gitta shi a titi.
Aka kafa allo: sai bas.
Mai keke ya wuce, mai ƙafa ya wuce,
motar asibiti in ta yi kuka.
Motar gida kuwa, ta zagaya.

Kakana ya ce ƙofa sai da ganuwa.
Wannan ba ta da ko tubali ɗaya,
ba ƙyaure, ba soro, ba kirari,
sai Iro da malafarsa da igiya.

Ranar farko ƙaho ya danne kiran azahar.
Alhaji Maikano ya sauke gilashi rabi,
sanyin motar ya bugo ni har inda nake.
"Yaro, ka san ko ni wane ne?"
Iro ya ce, "Ni na sani, ranka ya daɗe,
ƙarfen ne bai sani ba."
Na yi dariya har sifana ta faɗi a hannuna.

Ashe kaina nake wa dariya.

Mako bai zagayo ba injin iska ya yi shiru,
gizo-gizo ya kama haya a bakin bututu.
Lawandi, yarona, ya naɗe tabarmarsa
ya bi motoci can inda aka kora su.
Ban hana shi ba. Akuya ma inda ganye yake take miƙa wuya.
Da dare Tabawa ta dubi kuɗin cefane,
ta dube ni,
ta mayar da murfin tukunya a hankali.
Gara ma da ta yi faɗa.

Amma bari in faɗi ɗaya gefen, kada in ci amanar idona.
Ban san akwai kurciya a kan bishiyar nan ba
sai bana.
Majinata ta daina fita baƙa.
Mai shayi yana kirana daga tsallake
ba sai ya tsage maƙogwaro ba.

Kuma bara, daidai kwalbatin can,
da hannun nan na ɗauki 'yar Malam Tsalha,
jakar makaranta a gabas, takalmi ɗaya a yamma,
mai motar ko birki bai taka ba.
Ta rayu. Tana jan ƙafar hagu.
Jiya na gan ta tana tsallakawa
tana ɓarar gyaɗa,
ko waige ba ta yi.
To, wannan a wane mudu zan auna shi?

Yanzu kekuna ke zuwa mini.
Wani malamin firamare ya zaro na ubansa daga rumbu,
kaca ta yi tsatsa, ƙararrawa ta kurumce.
Facin keke goma bai kai na mota biyu ba,
sai dai mai keke yakan zauna,
ya tambayi gida, ya raba goro.

Shekaranjiya bas ta tsaya,
sai ga Alhaji Maikano a taga,
kwandon yalo na wata tsohuwa a kan babbar rigarsa.
Muka haɗa ido. Ya duba agogo.

Ba na yabon ƙarfen nan, ba na zaginsa.
Ya cinye mini nama a miya,
ya mayar wa wasu 'ya'yansu gida.
Iro ya ja igiya, ƙarfe ya ɗaga kai,
bas ta wuce da mutum talatin a inuwa ɗaya.
Ni kuwa na tsoma tib a ruwan daro,
ina juyawa sannu,
ina jiran kumfa ta nuna mini
ta inda iskar ke fita.