Irin Kindirmo a Gonar Kavak

A Terme, inda kogi ke shiga Baƙin Teku a gajiye,
kavak muke kiran itacen nan.
Dogo ne, ba ya 'ya'ya, inuwarsa siririya,
sai dai in shekara goma sha biyu ta cika
ka sare, ka sayar wa masu akwatin tumatir.

Sau uku Rüstem ya dasa filin nan.
Na farko ya yi mana rufin ɗaki.
Na biyu ya biya bashin tarakta.
Na uku bai ga kuɗinsa ba,
ni na ƙirga, ina cikin takaba.

Da na dasa na huɗu, ƙasa ta ƙi.
Ganye ya fito rawaya kamar idon mai shawara.
Na tumɓuke guda: saiwa baƙa, guntuwa,
tana warin rijiyar da aka daina ja.
Taki buhu shida na zuba. Shiru kake ji.
Cevdet na ƙetaren lambatu ya ce,
"Şükriye, ƙasar nan ta gundura da kavak,
shuka masara ki huta."

Sai ga Nergis, jikata, a motar Samsun ran Asabar,
da farar jarka a cinya kamar jinjiri.
Ruwan ciki kamar na wankin shinkafa.
Ta ce, "Kaka, masu rai ne, ido ba ya kama su.
Bakteriya. Daga gindin tsofaffin itatuwan bakin kogi
muka ɗebo kakanninsu, muka yi kiwonsu a kwalba."
Na ce, ƙwayar cuta za ki zuba mini a gona?
Ta ce, "Ai ba duka ne mugaye ba.
Itace iri ɗaya, shekara talatin da shida, wuri ɗaya:
masu cin saiwa sun yi gari, masu taimako sun ƙare.
Waɗannan suna kwance abincin da ƙasa ta ƙulle,
suna tare ƙofar saiwa kafin ruɓa ta iso."

Na yi jim. Sai tukunyata ta faɗo mini.
Madara ba ta zama kindirmo don an roƙe ta.
Cokali guda na jiya ake sa mata,
a lulluɓe ta da bargo, a bar ta ta kwana.
Na ce, ashe iri ne!
Da kin faɗi haka tun a bakin ƙofa.

Muka tsoma gindin kowane dashe a bahon wanki,
hannuwanmu sun ƙage don sanyin Maris.
Layi uku ta hana a tsoma,
ta ɗaura musu jan zare.
Na ce, waɗannan me suka yi miki?
Ta ce, "Su ne shaidu."

Afirilu bai ce komai ba.
Mayu ma haka, sai kwaɗi.
Na daina zuwa da safe don kada Cevdet ya tambaye ni.

A ƙarshen Agusta na ɗauki sandar Rüstem na auna.
Waɗanda aka tsoma sun ɗara shaidu da kamu ɗaya da yatsa uku,
ganyensu kore shar, yana tafi ko iska ba ta da ƙarfi.
Sha bakwai sun mutu duk da haka,
can kwarin da ruwa ke kwana.
Nergis ta rubuta su a littafinta, ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

Jiya Cevdet ya zo da galan na man zaitun, wankakke.
Ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen gwiwarsa,
galan na lilo a hannunsa.
Na bar shi ya sha shayi kofi biyu tukuna.

Shekara goma sha biyu ba nan kusa ba ce,
ban san hannun da zai ƙirga kuɗin wannan ba.
Amma da yamma nakan durƙusa a layi na biyar,
in ɗebi ƙasa, in shinshina,
in mayar da ita a hankali, in danne da tafin hannu
yadda nake gyara bargon tukunya.