Bakwai Ɗigo Uku

Ofishinmu na bayan tirbinal,
ɗaki guda, fanka mai tari,
da ni, Habsu, mai buga takardu.
Yau dokar ƙungiyar majeman Birni ce a gabana,
shafi talatin da ɗaya,
kowane sashe da 'ya'yansa,
kowane ɗa da lambarsa a goshi.

Da can da hannu nake kiran su:
"kamar yadda bakwai ɗigo uku ya tanada."
Sai Metir Tsahiru ya shigo da biro ja,
ya cusa sabon sakin layi a tsakiya,
kamar mai saka bido cikin layin famfo da asuba.
Kowa ya matsa baya.
Uku ya zama huɗu, huɗu ya zama biyar,
mai neman hukuncin bashi
ya tarar da ranar taro.
Na kwana ina bin lambobi ɗaya ɗaya,
idona kamar an zuba barkono.

Ɗan ƙanwata Mahaman Sani ya nuna mini dabara:
kar ki rubuta lamba, Inna, ki ɗaura ta.
Ki sa wa sakin layin alama,
ki jawo zare daga nan zuwa can.
Ko ya yi ƙaura zuwa Zango, zaren na biye da shi.
Ki haskaka duka, ki danna maɓalli guda,
kowa ya amsa sabon sunansa.

Na ɗaura arba'in da biyu.
Wuta ta ɗauke sau biyu, na jira.

Ran Laraba shugaban ƙungiya ya zo,
hannunsa na warin bagaruwa,
suka yi ƙus-ƙus da Metir a bakin ƙofa.
Aka ce, Habsu, goge wancan, ya yi tsawo.
Na goge. Na danna.

A shafi na sha tara inji ya yi baƙin rubutu:
ba a sami abin da ake nuni gare shi ba.
A na ashirin da shida ma haka.
Zare biyu na lilo, ba kowa a ƙarshensu.

Na koma na duba wa ya ɓata.
Bakwai ɗigo uku ne:
rabon matar majemin da ya rasu,
da ramin jimarsa, har 'ya'yansa su girma.

Ni ba lauya ba ce.
Jika biyar ake ba ni kan irin wannan aiki.
Amma na fitar da shafukan yadda suke,
da baƙin rubutun a tsakiyarsu,
na ajiye kan teburin Metir
ƙarƙashin kofin shayinsa.

Ya karanta. Ya cire tabarau.
Ya daɗe yana kallon duwatsu ta taga.
Sannan ya ce, a hankali,
injin naki yana iya maido abin da aka goge?